Albasar da ta ƙi yin kai

Ba zan taɓa mantawa da fangali biyun da aka damƙa mini a garkar lakwal, wato makarantarmu ta boko a Tawa, ba. Zamanin Faransa ne, ina cikin yaran ƙauye da aka kwaso ana kwana da mu a lakwal. Abincinmu kullum tuwo ne da miyar da kana hango gindin kwano ta cikinta. Shi ya sa malaminmu, Mushe Alu, ya sa muka yi garka bakin rijiya. Salati da tumatir na tukunyarmu ne, fangali biyu kuma na wani iri da ya karɓo daga bariki. Kukun kumandan ya yi alkawarin saye duka, a saya mana rago mu ci ranar rufe lakwal. Ragon nan har suna muka raɗa masa tun ba a saye shi ba.

Da irin ya tsiro na sansana ganyen, na ce ai albasa ce. Ni kuwa ɗan manomin albasa ne, ga baki ba ya shiru. Na cika yara da cewa a cikin albasa aka yanke mini cibiya. Mushe ya ji, ya ce to, fangalin na hannuna. (Ya kira ta fwaro da Faransanci, ban tambayi ma'anarsa ba, wai kada a ce ban sani ba.)

Abu ya yi tsawo, ya yi kauri, na tona ƙasa, babu kai, sai farin kara. Hankalina ya tashi. Na yi abin da babana ke yi, na tattake ganyen don ƙarfin ya koma ƙasa. Shiru. Ana nan Mushe ya tafi gaisuwar mutuwa Barmu, ni kuma na yanke shawara. A Adar albasar da ta ƙi kai ba a asararta, gabu ake yi da ita. Na tara yara muka yanke ganyen, muka ari turmi, muka daka, muka cura, muka shanya. Karan kuwa muka watsa wa awakin maƙwabta.

Ranar da Mushe ya dawo, tare suka shigo da kuku da kwandonsa. Na tarbe su da tabarma cike da gabu, ina washe baki.

"Mushe, albasar ta ƙi kai, amma ban bari ta lalace ba."

Kuku ya dubi fangali, ya dube ni. "Ɗana, wagga ba ta yin kai har abada. Farin karan shi Madam matar kumandan ka so. Ina shi?"

Na nuna awaki.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Mushe bai buge ni ba, da ma bugun ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kwashe ka kai ma mai tuwo. Ragon naku ke nan."

Har aka rufe lakwal miyar gabu muke sha (ta yi daɗi, amma wa zai yarda ya faɗa?). Duk sanda aka zuba, sai wani daga baya ya yi kukan rago.

Yau na yi furfura, amma abokan lakwal da suka rage Sarkin Gabu suke ce mini, har jikokina sun ɗauka sarauta ce. Tun daga ranar, in aka miƙo mini abin da ya yi kama da wanda na sani, sai na tambaya tukuna, kafin in aika aron turmi.