Ranar da Na Yi Wa'azin Sukari

Ni na nemi a ba ni makirufo, ba wanda ya tilasta mini. Majami'armu a Kafanchan ce ta kira nas ta gwada mana sukari bayan sujada. Na tashi na yi wa jama'a faɗa, na ce ni wata shida ke nan ban sa sukari a shayi ba. Har na nuna Mama Ladi, ƙanwar babana mai noman citta a Kagoro, na ce kunun zaƙin da take sha kullum zai kai ta asibiti.

"To, yarona," in ji ta, "a fara da kai."

Na miƙa yatsa ina murmushi. Nas ta dubi na'urar, ta dube ni.

"Oga, me kake sha in ka gaji?"

"Malt da madara kawai, safe da yamma. Don ƙarin jini."

Majami'a ta kwashe da dariya. Nas ta ce sukarina ya hau: malt ɗin nan cike yake da sukari, ga zaman ofis, ga damuwa kullum, shi ya sa tsokar jikina ta daina jan sukari daga jini yadda ya kamata.

Aka gwada Mama. Lafiya lau! Tsohuwar da ke wuni a gona, tsokarta ba ta barin sukari ya zauna. Ɗankwalinta kawai ta gyara.

Har yau in na je Kagoro, sai ta miƙo mini fartanya ta ce, "Likita, ga maganinka. Malt ya ƙare."