Akori-kurar da Ta Yi Lodin Kiyashi

Na sha wahala kafin na sassaƙa 'yar ƙaramar akori-kura irin ta zamanin kakanninmu, na haɗa mazubin da zan zuba ruwan rezin in fitar da siffarta. Sai man da ke hana rezin ɗin mannewa a mazubi ya ƙare. Ni gwani, na ce zuwa Katsina ɓata lokaci ne, na lafta man shanun da abokina Buba ya kawo daga Tsaskiya.

Mota ta fito sumul. Na lulluɓe ta a zaure, na tara 'yan majalisarmu, har da gyaran murya. Ina yaye ƙyallen, sai ga kiyashi maƙil, har kan rufi.

Buba ya leƙa ya ce, "Direba, ai ta cika, a tashi mana!"

Har yau in na shiga tashar Batsari, sai 'yan kamasho su hau ihu: "Saura kiyashi ɗaya!"