Ranar Da Na Yafe Wa Mashayin Wiwi A Kasuwar Kuje

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da idona ya fara sauka a kan wani ƙaton allo a bakin hanyar Kuje. Ina cikin bas, na matse tsakanin taga da wata mata mai buhun gyaɗa. An zana ƙoƙon kan mutum, hayaƙi yana fita ta ramukan idanunsa, an rubuta da jan fenti cewa wiwi hanyar kabari ce. A ƙarƙashin allon kuwa samari ne zaune a kan benci suna miƙa wa juna naɗin wiwi, hankali kwance. Duk bakin hanyar babu inuwa mai daɗi kamar ta allon nan. Na dube su, na dubi ƙoƙon kan, na ce a raina wanda ya zana wannan bai san zuciyar ɗan Adam ba. Ni na san ta. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Abuja sai kumbura take yi, ko'ina gini, kowa ya rataya wayar salula a ƙugu, ƙungiyoyin wayar da kai kuma sun cika gari. A ɗaya daga cikinsu na samu aikin gwaji, wani ƙaramin ofis a saman shagon taya. Sharaɗin a fili yake: in na nuna ƙwazo a tabbatar da ni, in ban nuna ba in koma Kurudu gidan yayata in ci gaba da wanke-wanke da goyon 'ya'yanta. Ina son yayata, amma na fi son albashi.

Ilimin da na zo da shi a kan zuciyar ɗan Adam kuwa, daga littattafan soyayya na kasuwa na samo shi, waɗanda ake haya a kuma mayar. Tun ina sakandare nake ɓoye su a cikin littafin lissafi. A cikinsu na koyi cewa namiji na gaske dogo ne, ba ya son magana, idanunsa a lumshe, akwai wani tsohon ciwo a ransa da mace ɗaya tak za ta iya warkarwa. Ban san wata hanya ta kwatanta namiji ba bayan wannan.

Shugabar ofishinmu Madam Rifkatu ce, 'yar Filato, gajeriya mai tabarau a kan hanci, wadda ta yi aikin jinya shekaru kafin ta buɗe ƙungiyar. Da aka ba mu izinin yin wasan kwaikwayo a kasuwar Kuje ran kasuwa, ta kira ni ta ce ni zan rubuta, kuma a kan wasan za ta yanke shawarar zamana. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce tsoratarwa ba ta daɗewa a ran saurayi, domin in ka ce masa zai mutu, zai waiga ya ga abokinsa da ke sha yana nan da rai, shi ke nan ya daina yarda da duk abin da za ka faɗa. Ta ce kada in nuna kamar kowa na sha, domin yaro zai ɗauka shi kaɗai aka bari a baya. A nuna masa abin da zai rasa gobe da safe: oga ya karɓe makullin babur, uwa ta fara kulle ɗakinta in zai shigo, budurwa ta juya baya. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Kuma yarinya, kar ki sa mai shan ya yi kyau. Kin ji ko?"

Na ce na ji. A gaskiya daga "budurwa ta juya baya" ban ƙara jin komai ba. Zuciyata ta riga ta tafi.

Labarin da na kawo mata a taƙaice ba shi da aibu. Kamal mashayi ne, Zinatu budurwarsa ce, ta ce ya zaɓa tsakaninta da wiwi, ya kasa, ta bar shi ta auri wani kamilin akawu mai suna Tanko. Madam ta ce ya yi, ta tafi taro Jos ta bar ni da sauran aikin. A nan ne na zauna na zuba wa Kamal duk abin da na tara tun sakandare. Na mayar da shi maraya. Na sa wani kawu ya cinye masa gado. Na ba shi kalaman da in mace ta ji sai ta nemi bango ta jingina. Tanko kuwa, bawan Allah, abin da na rubuta masa bai wuce gaisuwa da bayanin cewa yana da fili a Kwali ba.

Sannan na nemo wanda zai fito a Kamal. Nasiru sunansa, tela ne a cikin kasuwar, dogo, idanunsa a lumshe (daga baya na gane zaren keken ɗinki ne ya gajiyar da su). Ko sigari bai taɓa sha ba, asma gare shi. Busasshen zogale muka naɗe masa a farar takarda, muka ce kada ya kunna, ya riƙe kawai. Ya tambaye ni ko ya sa yagaggiyar riga. Na ce a'a, ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ai mutum yana iya lalacewa a cikin tsabta. Tanko kuma direban ofishinmu muka sa, mai tumbi, ya zo da hular da ta yi masa kaɗan.

Ran wasa da safe yarinyar da za ta fito a Zinatu ta aiko cewa babanta ya hana. Babu wanda ya haddace maganganunta sai ni da na rubuta su. Madam ta dawo a gajiye, ta dube ni ta saman tabarau ta ce in hau, ai magana ce kawai. Na yi kamar ba na so. Na ari mayafin wata mai sayar da atamfa, na ƙara kwalli.

An faka a-kori-kura a bakin tasha, an ɗaura lasifika, bayan motar ya zama dandali. 'Yan acaɓa suka kewaye mu, mata masu doya suka bar kayansu, 'yan mata masu talla suka sauke farantai. A gaba kan fararen kujeru ga wakilin ƙaramar hukuma, ga wani limami, ga wani fasto, ga Madam da jakarta a cinya.

Alamar farko ta zo da fitowar Nasiru. Ya hau motar cikin farar shadda, naɗin zogale tsakanin yatsu, ya dubi sama kamar yadda na koya masa. Sai na ji 'yan matan nan sun yi wani irin nishi tare. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Oga, ka haɗu." Da Tanko ya fito ya fara bayanin filinsa na Kwali, wata mai talla ta tambaye shi ko filin za a aura, kasuwa ta kwashe da dariya. Na saci kallon Madam. Ta cire tabarau tana goge shi da gefen zani, a hankali, kamar mai shirin yi wa wani allura.

Duk da haka da na yi abin da aka rubuta, da an tsira. Abin da ya rage mini kaɗan ne: in ce ya zaɓa, ya yi shiru, in juya in sauka daga motar in kama hanyar Tanko. Na ce, "Kamal, ka zaɓa, ni ko wannan abin da ke hannunka." Muryata ta fita da kyau a lasifika. Nasiru ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya fara karanto abin da na rubuta masa. Ya ce tun da mahaifiyarsa ta rasu babu wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci sai ni. Ya ce hayaƙin nan ba don daɗi yake shan sa ba, don ya rufe masa ido ne daga duniyar da babu ni a cikinta. Ya ce in na tafi, in tafi da numfashinsa, ba shi da sauran amfani da shi.

Jama'a, ni na rubuta kalaman nan. Na san inda na goge, na san inda na sake. Amma ban taɓa jin namiji ya faɗa mini su ba, a durƙushe, cikin farar shadda, yana kallon cikin idona. Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya: a yafe masa, a yafe masa. Wata tsohuwa mai daddawa tana share hawaye tana cewa ai maraya ne. Ƙafar da zan juya da ita ta ƙi motsi. Kwallin da na ƙara ya fara gangarowa. Sai na ji bakina, a cikin lasifikar da ake ji har bayan tasha, yana cewa:

"Na yafe maka, Kamal. Ba zan taɓa barin ka ba."

Bai ma yar da naɗin ba. Yana hannunsa.

Tafi ya ɓarke, 'yan acaɓa suka danna ham. Wani ya ɗaga hannu sama yana cewa ashe mai sha ma yana samun mata. Tanko yana gefe da hularsa a hannu, ya tambayi wani yaro ko an canza wasan ne ba a gaya masa ba. Nasiru kuwa, har yanzu a durƙushe, ya kawar da baki daga abin magana ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Anti, ba haka aka rubuta ba fa. In tashi ne ko in zauna?"

A lokacin na farka. Na ga liman yana kallon ƙasa, fasto yana kallon sama, wakilin ƙaramar hukuma yana neman direbansa da ido. Na yi addu'ar motar ta tashi da kanta ta tafi da ni ko'ina ne.

Madam ta hau motar ba tare da an kama mata hannu ba. Ta karɓi abin magana daga hannuna kamar ana karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ba ta yi faɗa ba. Ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta tambayi matan da ke wurin, wace ce a cikinsu za ta ba Kamal 'yarta yau, da abin nan a hannunsa. Tsohuwar da ta yi kuka ta ce ita dai jikarta an riga an yi mata miji. Aka yi dariya, amma wata iri dabam. Sai wata mai doya ta ce nata ɗan da ke sha ba ya magana irin ta Kamal, ba ya ma magana, kwana yake yi har azahar, kuma ranar da ta ɓoye kuɗin cinikinta a cikin tukunyar miya ta san inda abin ya kai. Ba wanda ya yi tafi. Na ga wasu daga cikin samarin da ke danna ham ɗazu sun sunkuyar da kai suna wasa da makulli. Abin da na kasa yi da rubutun da na sha wahala a kansa, tambaya ɗaya ta yi shi, kuma haushin da nake ji ke nan har yau.

A hanyar dawowa direba, wato Tanko, sai mita yake ta yi cewa shi an ɓata masa lokaci, ya haddace bayanin fili a banza. Da muka wuce allon nan mai ƙoƙon kai na kawar da fuska. Shi dai allon, ko ba komai, bai taɓa yafe wa kowa ba.

Washegari Madam ta kira ni. Ta ce rubutuna yana da daɗi, matsalar ke nan. Ta ce mai zanen ƙoƙon kai ya sa wiwi ta zama abin dariya, ni kuma na sa ta zama abin sha'awa, kuma a cikin biyun nawa ya fi haɗari. Ta ce in je in rubuta littattafan soyayya, za a saya. Ba ta tabbatar da ni ba. Na koma Kurudu, yayata ta miƙo mini jariri tun kafin in ajiye jaka.

Abin da na koya shi ne, in kana so mutane su guji abu, kada ka ɗinka masa farar shadda, kada ka ba shi kalaman da suka fi na kowa daɗi. In kuma ka riga ka ba shi, to kada ka tsaya a gabansa.

Shekaru bayan haka, ina da aure da wani aikin dabam, na je Kuje sayen doya na ji an ce, "Anti Zinatu." Nasiru ne, ya yi ƙiba, yana da shago babba da yara masu koyon ɗinki. Ya ce har yau babu mai kiran sa Nasiru a kasuwar, kowa Kamal. Ya auri ɗaya daga cikin 'yan matan da suka yi nishi ran nan, amma sai da ya sha wuya, domin babanta yana cikin 'yan kallo, ya rantse ba zai ba mashayi 'yarsa ba. Sai da aka kai liman da direbanmu suka yi shaidar cewa zogale ne. Ya ce ko yanzu in ya je gaisuwa ya yi tarin asmarsa, surukin nasa sai ya matso ya shinshina rigarsa.

Na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ba komai, ai ni na riga na yafe masa a gaban kowa, tsohon ne dai har yanzu bai yafe ba.