Yadda Za Ka Gyara Fankar Hita a Gaban Surukinka

Matarka ta je gida haihuwa a Mokhotlong, can bayan duwatsu, ka taso daga Maseru cikin sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar, don ɗauko ta da jaririn, sai ga fankar hitar motarka ta ƙi lamba ɗaya, ta ƙi biyu, ta ƙi uku, sai huɗu kawai take amsawa, tana ruri kamar injin niƙa. Kada ka damu. Bi hanyar abokina Sechaba, na yi maka alkawari zafi zai samu.

1. Musanta matsalar

Da surukinka ya leƙo, murɗa zuwa huɗu ka yi murmushi. Haka Sechaba ya yi. Jaririn ya tsala ihu, matarsa Lineo ta toshe masa kunne. Mahaifinta, Ntate Ramatla, wato Baba Ramatla, ya gyara bargonsa ya ce, "Jikana ba zai hau dutse cikin sanyi ba, ba kuma zai hau cikin wannan haukan ba. Gyara, ko ka koma kai kaɗai."

2. Yi magana kamar masani

Buɗe aljihun gaban mota, cire shi, zura kai ciki. Za ka ga wani ɗan ƙarfe mai murɗaɗɗun wayoyi, shi ke rage wa fanka wuta. In ya ƙone, ƙananan gudu sun tafi, huɗu kuwa ba ta bi ta kansa shi ya sa ta tsira. Faɗi wannan da ƙarfi, ka maimaita. Surukin da ya ji bayani sau biyu yakan ɗauka an riga an gyara rabi.

3. Kau da kai daga ainihin ciwon

A bakin fankar za ka tarar da dunƙulen gashin bargo, na duk fasinjan da ka taɓa ɗauka. Shi ya toshe iska har ƙarfen ya ƙone. Kada ka taɓa shi. Lineo ta ce, "Kai Sechaba, ba za ka fara yashe wannan dattin ba?" Ya ce, "Ke dai riƙe yaro, wannan aikin maza ne." Har gobe ina jin haushin wannan amsa, amma mataki ne, dole in rubuta.

4. Ari fil ɗin surukinka

Sabon ƙarfe sai Maseru, kai kuma yau kake son tafiya da iyalinka. To duba ƙirjin tsohon. Ka ga babban fil ɗin da ke riƙe masa bargo a kafaɗa? Shi za ka sa ya haɗa wayar da ta tsinke.

"Ntate, a ɗan ara mini fil ɗin."

"Wannan? Tun daga kakana yake."

"Yanzun nan zan mayar."

Tsohon ya cire, ya tsaya cikin iska yana riƙe da bargo da hannu biyu.

5. Karɓi yabo da sauri

Murɗa zuwa ɗaya. Iska mai ɗumi za ta fito a hankali, jariri zai yi barci, tsohon zai gyaɗa kai. Sechaba ya ce a lokacin ji ya yi kamar ya yi kuka don daɗi. Ka sha daɗinka da hanzari, domin fil ɗin ya fara ja, gashin da ka ƙyale kuma ya fara ƙauri.

6. Nemi abin kashe wuta

Abu mafi kusa shi ne bargon da ba shi da fil. Sechaba ya fizge shi daga jikin surukinsa ya danna a ƙarƙashin aljihun. Wuta ta mutu. Tsohon ya dubi ramin da ke tsakiyar bargonsa, ya dubi baƙin fil ɗin, ya karɓi jikansa ya ce, "Lineo, shigo da kayanki. Kai kuma, ka dawo in sanyi ya wuce."

Gargaɗi: na yi alkawarin zafi, zafi kuma ya samu. Bargo, fil da zaman aure ba sa wuyana. Sechaba ya koma Maseru shi kaɗai da tagogi a buɗe saboda ƙauri. Da ya dawo bayan sanyi ya miƙa wa ɗansa hannu, yaron ya kalle shi, ya ɓoye fuska a bargon kakansa, daidai wurin facin.