Rasuwar Fim Ɗina na Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma, nake sanar da 'yan'uwana masu ɗaukar hoto rasuwar fim ɗina na kyamara mai kala, na ƙarshe da ya rage mini tun da kamfanin ya daina yin irinsa. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakar gida, a hannuna.

Marigayin ya shekara goma sha ɗaya a firijin gidanmu, bayan kwalbar madara, bai taɓa damun kowa ba. Danginsa sun san darajar fatar mutum: baƙi ya fito baƙi mai sheƙi, ba toka-toka ba. Na sha tsare abokan sana'a a shago ina kwatanta shi da na yanzu, har sai kowa ya tuna ana jiransa a gida. An haifi 'ya'ya uku a gidan nan, ban ga wanda ya isa a ɓare marigayin dominsa ba. Uwarsu ba ta manta ba.

Sai Inna, mahaifiyata, wadda ba ta taɓa yarda da kyamara ba, ta kira ni.

"Zo ka ɗauke ni sau ɗaya," in ji ta, "kar in tafi ka rasa abin nuna wa jikokina."

Ta zauna, ta gyara ɗankwali, har da dariya. Ƙyas, ƙirrr, ƙyas, ƙirrr, sau talatin da shida. Muryarsa ta ƙarshe ke nan.

Ni kuwa gwani, mai koya wa mutane aiki, murna ta ɗebe ni na buɗe bayan kyamarar ban naɗe fim ɗin ya koma gidansa ba. Na tsaya baki buɗe ina kallonsa, rana ma tana kallonsa. Mai wankin hoto ya ɗaga shi sama, ya daɗe yana dubawa.

"Maigida, sai haƙuri. Ko kunnenta bai fito ba."

Marigayin ya bar kwalinsa, da 'yar robarsa, da gurbi a firiji wanda tuni aka cika da tumatir. Ya bar ni.

Za a binne shi gobe da safe a aljihun teburin shago, a can kuma za a karɓi gaisuwa. Don Allah kar kowa ya biyo ta gida. Inna ba ta sani ba. Ta sa an buga ƙusa a bangon ɗakinta, kullum sai ta tambaye ni ko hoton ya bushe.