Mazurari a Wuyan 'Yar Lele

"Lafiya lau, Amarya. Ya gajiyar jiya? Ya kuma mai jiki?"

"Riƙe gaisuwarka. Wace mai jikin? Wadda ka ɗauka da kai irin na mage, ka dawo min da ita da kan fitila?"

Dogo ya tsaya a ƙofar falo, jakar kayan gyaran wuta a kafaɗarsa. Kan hanyarsa ta zuwa aiki ya biyo. Kakarsa, wadda ta haifi babansa, tana zaune ta haɗe rai, da almakashi a cinyarta. Jiya ne ya kai magenta, 'Yar Lele, asibitin dabbobi, aka cire mata ƙari a ciki aka ɗinke, aka ɗaura mata wani abin roba mai kama da mazurari a wuya don kada ta lashi ɗinkin. Ga ta can ƙarƙashin tebur, mazurarin ya maƙale tsakanin ƙafafun kujera, tana ja da baya tana gurnani.

"Wannan almakashin fa? Aski za ki yi wa angonki?"

"Da zan samu, da kunne zan fara, tunda ba jin magana kake yi da shi ba. Zo ka riƙe min ita in yanke wannan masifar."

"Ba za a yanke ba. Likita ya ce sai an cire zare."

"Likita! Shi a gidansu haka ake jinya? A kifa wa marar lafiya bokiti a ka? Dube ta fa! Tun jiya da baya da baya take tafiya. Ta ci karo da ƙofa, ta ci karo da firji, ta ci karo da ƙafata. Ta share min duk abin da ke kan teburin gado, har kofin da nake sa haƙorana."

"Au, shi ya sa yau zagin yake fita da iska."

"Ja'iri! Na wanke su na mayar, kuma sun isa su ciji mutum."

Dogo ya ajiye jaka ya durƙusa, ya ja kujera ɗaya gefe. 'Yar Lele ta fito tana girgiza kai, ta yi wani kuka da mazurarin ya ƙara wa ƙarfi.

"Ka ji ko? Lasifika ka sa mata. Maƙwabta sun aiko tambaya ko sanarwa ake yi."

"Ke ba ki san arziki ba, Tsohuwa. Da wannan abin da kike rainawa a wuyanta, ki ɗora ta kan rufi ki juya ta gabas, duk tashoshin duniya sai kin kama kyauta."

"Kai zan ɗora, tunda Allah ya yi ka kamar falwaya. Tsawo har tsawo, amma ko kwan fitila ɗaya ba ya kamawa a saman."

"Falwayar ce dai ta kwana jiya a layin asibiti don magenki."

"Wuni ka yi, ba kwana ba, maƙaryaci. Kuma wa ya ce ka bari su yi mata haka? Mijin kirki da sai ya tsaya ya ce, wannan magen matata ce, ba za a wulaƙanta ta ba. Kai kuwa ka tsaya kana gyaɗa kai kamar ƙadangare."

"To ki sake ni mana."

"Ai na sake ka tun kana rarrafe, kai ne ka ƙi tafiya."

Kaka ta nuna kwanon abinci da ke gefen bango da bakin almakashin. Kifin da ta bare tun jiya yana ciki, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Wasa a gefe, Dogo. Ba ta ci komai ba. Ko ruwa. Ta je bakin kwanon ta tsaya, ta duba, ta juyo ta dube ni. Magen da ko leda na taɓa sai ta zo a guje. In ciwo bai kashe ta ba, yunwa za ta kashe ta, kuma alhakin yana wuyanka kai da likitanka."

"In kika cire, ɗinkin za ta tsinke. Sai a koma a sake yanka ta."

"Ni za ka koya wa jinya? Na raini ubanka da ƙannensa, na raine ka kai da kake min iyayi. Wa na taɓa sa wa mazurari? Lokacin da ƙarambau ya fito maka, kana susa kamar biri, kana neman yage fuskarka, asibiti na kai ka? Safar kakanka na zura maka a hannu biyu na ɗaure da tsumma. Ka yi ihu, ka yi birgima, ka ce ba ka sona, na toshe kunnena. Ga fuskar nan, ko tabo babu. Munin da ke kanta na gado ne, ba na ciwo ba."

Dogo ya zauna daɓas a ƙasa, ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Maimaita, Amarya. Me kika sa min?"

"Safa."

"Don me?"

"Don kada ka..."

"Ƙarasa mana. Don kada in sosa. Na yi kuka kika ƙi cirewa. Ashe ke ce uwar masu mazurari! Likitan nan a wurinki ya sato fasaha, ya kamata ki kai shi ƙara."

"Kai, rufe min baki! Safa daban, bokiti daban. Kuma kai ai ba wanda ya damu ko ka ji daɗi ko kada ka ji. Ita kuwa baiwar Allah ce, ba ta da bakin faɗa."

"Ni da nake da bakin, me ya amfana min?"

"Surutu. Har yau shi kake ci."

Suna cikin haka Dogo ya lura mazurarin yana lilo a wuyan magen fiye da yadda ya bar shi jiya.

"Tsohuwa, kin taɓa igiyar nan?"

"Ɗan sassautawa na yi. Kaɗan. Ta sha iska."

Ko rufe baki ba ta yi ba, 'Yar Lele ta zauna, ta ɗaga ƙafar baya ta sa a gefen robar, ta tura. Mazurarin ya fita fit, ya gangara ƙarƙashin kujera. Magen ba ta tsaya murna ba, ta lanƙwashe ta kai baki cikinta inda aka aske, ta kama bakin zaren da haƙori.

"Wayyo Allah! Dogo, zaren take ja! Kama ta! Kama ta mana, kana tsaye kamar an dasa ka!"

Ya fizgi tawul daga bayan kujera ya rufa mata, ta zille ta yi bayan labule. Ya bi ta da rarrafe, kansa ya bugi tebur. Kaka ta jefar da almakashi ta tare ƙofar kicin da zaninta, tana salati. Da ƙyar ya naɗe ta cikin tawul, bayan ta zana masa farce a bayan hannu.

"Juyo da ita in gani. A hankali, ba waya kake murɗawa ba!"

Ta gyara tabarau ta sunkuya. Ɗinkin yana nan bai buɗe ba, sai dai gefe ɗaya ya yi ja, ga ɗan jini kamar kan allura. Kaka ta shafa kan magen.

"Bai tsinke ba," in ji Dogo. "Zan ɗauki hoto in tura wa likita ya gani, amma bai tsinke ba."

Da Kaka ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Tun da kakanka ya rasu, in na yi magana a gidan nan ita kaɗai ke amsawa. Ku duk sai a waya."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Me kake jira? Ɗauko bokitin ka mayar mata! Kuma laifinka ne, da wannan muryar taka kamar janareto ka firgita ta."

"Ni? Ba wadda ta sassauta igiya ba?"

"Da ka ɗaura da kyau, da tsohuwa kamata ta iya kwancewa?"

Ya mayar da mazurarin ya ɗaure, ya zura yatsu biyu tsakanin igiyar da wuyan ya tabbatar ba ta shaƙe ba. Ya ciro tef ɗin naɗe waya daga jakarsa ya bi bakin robar da shi inda take gurzar fata. Sannan ya ajiye magen gaban kwano, suka zuba ido. Ta miƙa wuya, bakin mazurarin ya daki gefen kwanon, ƙwas, kwanon ya matsa gaba. Ta sake, ya sake matsawa.

"Kin gani? Ba yajin cin abinci take yi ba. Kwanon ne ya yi zurfi da faɗi, bakinta ba ya kaiwa. Ƙaramin abu ake so, marar zurfi, a ɗaga shi sama ya shige cikin mazurarin."

Ya miƙe ya nufi kabad ɗin gilashi da ke kusurwar falo.

"Kai! Ina za ka? Kada ka kuskura! Waɗannan na baƙi ne!"

"Waɗanne baƙi? Tun ina yaro ake jiran baƙin nan, har na yi gemu ba su iso ba."

"Manyan baƙi, ba irinka masu zuwa da yunwa ba. Ubanka ma bai taɓa shan shayi a cikinsu ba!"

"To yau ga babbar baƙuwa, daga asibiti ta sauka."

Ya ɗauko ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi, mai bakin zinariya. Ya kifa wani ƙaramin gwangwani a ƙasa ya ɗora farantin a kai, ya liƙe da tef don kada ya zame, ya zuba sabon kifi kaɗan. Kaka ta dafe ƙirji.

"Tef! A farantina! Allah ya isa tsakanina da kai, Dogo."

"Shiru, Amarya. Duba."

'Yar Lele ta matso tana shinshina. Ta sauke kai, mazurarin ya rufe farantin da gwangwanin gaba ɗaya kamar murfi. Suka ji shiru. Sai kuma ga ƙarar tauna tana fitowa ta cikin robar.

"Tana ci," Kaka ta faɗa da raɗa. "Wallahi tana ci. Ci, 'yar albarka, ci ki bar maƙiya da kunya."

"Ni ne maƙiyin?"

"Akwai wani a ɗakin? Tashi ka yi mata na ruwa haka. Ɗauko ɗaya farantin. A'a, ba wannan ba, mai ɗan tsagin! Kuma ka ja kujerun nan jikin bango ta samu hanya. Ka cire murfin akwatin yashin da take bayan gida a ciki, ba ta iya shiga. Ka sauke mata matashi ƙasa, kada ta ce za ta yi tsalle kan gado."

"Yanzu kuma ke ce likitan?"

"Da can ma ni ce. Kai ɗan aike ne."

Ya yi duk abin da ta ce, tana binsa tana gyara masa. Kafin ya gama, magen ta lashe farantin tas, ta sha ruwa, ta je ta kwanta kan matashin, ta ɗora mazurarin a gefensa ta lumshe ido. Dogo ya wanke hannunsa inda aka yakushe shi, ya saɓa jaka.

"To, na tafi. Saura in dawo in tarar kin sake ba ta iska."

"Tsaya."

Kaka ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani makulli ta miƙa masa.

"Na ƙofar gida ne. Kullum da safe ka biyo ka duba ɗinkin nan, idona ba ya ganin zare sosai. Ba sai ka tsaya kana buga min ƙofa kamar mai bin haya ba."

Dogo ya juya makullin a tafin hannunsa. Ko babansa ba shi da irinsa.

"In an cire zaren in dawo miki da shi?"

"Wa ya tambaye ka?"

"Amarya, faɗi gaskiya dai. Kin mayar da aurenmu ke nan."

Dariya ta ƙwace mata, har ta sa hannu ta tare haƙoranta.

"Ka ci, ɗan nema, ka ci. Na mayar. Fita min daga gida kafin ka tashi marar lafiya, kuma gobe ka zo da kifi."