Ƙwallon Da Ta Sa Na Kira Inna a Moss Side

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bakina ya jawo wa hannuna ba. Ko na so in manta, yaran unguwar Moss Side ta Manchester ba za su bari ba.

Ɗana Mubarak ne sila. Yaro an haife shi a Birmingham, ga ƙwallon ƙafa a kowane lungu na Erdington, amma shi sai ya nace wa baseball. Ni kuwa ban ga abin burgewa ba a ce ƙarti su sa matsattsen wando, ɗaya ya yi jifa, ɗaya ya kai duka da kulki, sauran su tsaya suna taunar cingam. Na sha gaya masa, "Wannan ai carafke ce aka sa wa hula."

Ana cikin haka 'yan uwanmu na Manchester suka gayyace ni in yi wa matasa jawabi kan zaɓen sana'a (akanta ne ni, kuma ina son a sani). Wanda zai yi magana kafin ni wani saurayi ne ɗan Venezuela mai suna Wilmer, ɗan wasan baseball da ya zo hutu wurin gwaggonsa. Mubarak ya yi ta roƙo a tafi da shi. Na yarda, amma da manufata: in kashe wannan shirmen a gaban idonsa.

Da gurgun Turancinsa Wilmer ya ba da labari. Yana ɗan shekara sha shida wani kulob na Amurka ya ɗauke shi a matsayin mai jifa. Har yanzu a ƙaramin rukuni yake, suna kwana a cunkushe, suna wuni a bas daga gari zuwa gari, kuma kowace safiya koci na iya cewa ka tattara kayanka. Ya ce kafaɗarsa ta samu matsala, bai san ko za a ci gaba da shi ba. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Da aka maƙala mini makirufo a wuyan riga sai na buɗe wuta. "Kun dai ji da kunnenku. Yaro ya bar makaranta ya tafi jifa. Mu a garinmu mai jifa ba albashi ake ba shi ba, bulala ake yi masa. Ku tafi jami'a, ku bar wa marasa aikin yi wasan yara." Wilmer yana zaune yana murmushi, Mubarak ya sunkuyar da kai.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu. "Uncle, tunda wasan yara ne, za ka iya cafe ƙwallon?"

Mai hankali zai yi dariya ya wuce. Ni cewa na yi a fito fili.

Aka fita bayan hall ɗin taron, iyaye da yara. Wilmer ya miƙo mini wata ƙatuwar safar hannu ta fata, faɗinta kamar faifai. Na ture ta. "Mu da muka tashi muna cafe mangwaro a Zariya?"

"Daddy, please, ka sa," in ji Mubarak.

"Sir, a hankali zan jefo," in ji Wilmer.

"Jefo irin ta wurin aikinku, in dai aiki ne."

Ban ga ƙwallon ba. Na dai ga ya ɗaga ƙafa, sai na ji kamar an sauke mini taɓarya a yatsa. (Ashe abin ba roba ba ne, dutse ne aka ɗinke a fata.) Hulata ta yi gabas, ni na yi yamma, na kurma ihu: "Wayyo Inna!"

Makirufon yana nan a wuyana. Duk lasifikar hall ɗin ta kira Inna tare da ni, mutum mai furfura a gemu. Hajiyoyi suka cusa fuska a mayafi, kafaɗu na rawa. Yaran da ko gaisuwar Hausa ba su iya ba suka ɗauka, "Wayyo Inna! Wayyo Inna!"

Wanda ya fara isowa kaina Wilmer ne. Ya sa ƙanƙara, ya ɗaure yatsan da na kusa da shi, ya raka mu sashen gaggawa na asibiti, wato A&E yana ta ba ni haƙuri. Muna jira na tambaye shi, ko zan tsira da ɗan mutunci, "Da dukan ƙarfinka ka jefo ko?"

"A'a, sir. Likita ya hana ni. Irin wadda nake jefa wa ƙanwata ce."

Yatsan ya goce, don haka Maman Mubarak, wadda dama tare muka zo, ita ta tuƙo mu gida. Muka kama hanyar Birmingham. Can ta ce, "Alhaji, Inna dai ba ta amsa ba."

Mubarak yana nan yana baseball ɗinsa, ni nake kai shi training, kuma ba na cewa uffan. Wilmer ya koma kulob ɗinsa, muna yi masa addu'a. A Manchester kuwa sunana ya zama Uncle Wayyo, har a wurin ɗaurin aure. Abin da na koya shi ne, in za ka raina sana'ar mutum, ka raina ta daga nesa, hannunka a aljihu, kuma ka fara tabbatarwa an kashe makirufo.